Akwatin Bayan Ƙofa

Ranar da kwalekwale ya kwashe mu zuwa asibitin Castro
na bar shi cike taf, ɗari bisa ɗari.
Na kashe firji, na zare rediyo,
na bi soket ɗaya ɗaya kamar mai ƙirga kaji da magariba,
na sauke makunnin farantan rufi yadda Arcadio ya koya mini,
don tsawar tsibirin nan ba ta sallama.
Sannan na ja ƙofa.

Kwana arba'in da uku.
Nibaldo a gado na shida,
rabin jikinsa ya yi ƙaura bai gaya wa ɗaya rabin ba.

Mun dawo Quenac ana yayyafi, yo dama yaushe ba a yi.
Tumakin Zoila sun gama da kabejina.
Ban ko cire takalmi ba na leƙa ɗan allon:
sittin da takwas.

Wa ya sha?
Ba ɓarawo a nan, mun san juna har kakanni.
Ko ƙwan fitila ban bari a kunne ba.
Na kira Arcadio can gonar kifi,
iska na yanka maganarsa gunduwa-gunduwa.
Ya ce, Mama, halinsa ke nan.
Ko ba a roƙe shi komai ba yana ci.
Akwai ɗan abu a cikinsa da ba ya runtsawa,
yana jiran kira, jira kuwa ba kyauta ba ne.
Sanyi ma ya yagi rabonsa.

Na ce to.
Da dare ina shafa wa Nibaldo mai a ƙafa,
ƙafar da ta hau tudun coci da buhun dankali biyu,
yau tafin hannuna ɗaya ya zagaye ta.
Ba wanda ya aike ta ko'ina.
Kwanciya kawai ta yi.

Rana ta yi mana kara kwana uku a jere,
akwati ya ƙoshi.
Lahadi 'yan dubiya suka cika ɗaki da rigunan ruwa.
Zoila ta jona butar shayi,
jikarta ta jona dutsen guga don busar da safa,
ni kuma na tayar da famfon rijiya.
Ɗif.
Duhu, sai jan ido ɗaya yana kuka a bayan ƙofa.
Na ce ai cike yake, ga ɗari nan a rubuce!

Arcadio ya yi dariya a waya.
Ciki daban, Mama, maƙogwaro daban.
Ko teku ce a ciki, ta bakin kwalba za ta fito.

Ban yi dariya ba.
Ina kallon ubansa a kujera,
mutumin da ya san kowace mashiga daga nan har Achao,
sunan kowane jirgi, da wanda ya ƙera shi, da bashin da ya bari.
Duk suna nan, ina ganinsu a idonsa.
An tambaye shi jiki, an tambaye shi likita, an tambaye shi ko ya gane Zoila,
kalmomi suka taso gaba ɗaya
suka cushe a ƙofa.
Ya rufe ido.

Yanzu na iya.
Buta tukuna. In ta tafasa, famfo.
Guga sai rana ta take.
Tambaya ɗaya: shayi?
Sai in naɗe hannu in jira,
ba na ƙarasa masa.

Cikin dare nakan farka in ji su biyun,
ɗan gurnanin akwati, da numfashinsa,
kowa na ɓatar da kaɗan don a same shi da safe.

Yau tamanin da tara.
Ya dube ni, leɓensa ya yi ta kokawa,
ya ce, Edu.
Sauran sunan yana ciki.
Na ɗora buta.